Kukan Injin Nababa

Karo na uku ke nan injin niƙan Muntaka yana yin wannan abu. Ana tsakiyar niƙa da hantsi, ba wanda ya taɓa shi, sai kawai ya ɗaga murya kamar ana yanka shi, gari ya turnuƙe rumfar. Mata suka zubar da kwanuka suka yi waje suna salati. Sai da Muntaka ya fizge tiyon mai sannan ya mutu.

Kafin azahar magana ta karaɗe Gidan Mati: mutum shidan nan ne suke kuka.

Kowa ya san inda injin ya fito. Shekara uku da suka wuce yana cikin motar Nababa, wata 'yar Kwatano da yake jigila da ita zuwa Bichi. Wata ranar kasuwa ta sauko gangare a guje ta daki gada. Mutum shida aka binne rana ɗaya. Nababa ya tsira da gurguwar ƙafa da magana guda: "Wallahi ban taka ba, ita ta gudu da kanta." Wa zai yarda? Mota ai ba doki ba ce, balle a ce ta ƙwace linzami.

Ba a zage shi ba, mutanenmu sun fi ƙarfin haka. Gaisuwa kawai aka rage masa, ita kuwa ta fi zagi ciwo. In ya shiga sahu sai a bar taku ɗaya tsakani. Ya kira gayya, ba wanda ya ɗauki fartanya. Bana dai ya ce da an gama girbi zai sayar da gonar ubansa ya bar garin.

Mutum ɗaya ne bai guje shi ba, Malam Hadi, tsohon hedimasta. Duk takardar da ta shigo ƙauyen ta hannunsa take bi, ta asibiti, ta taki, ta kotu, kuma shekara talatin ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". Matarsa Kaltume tana cikin shidan. Amma kullum bayan la'asar sai ya ɗauki buzunsa ya zauna ƙofar Nababa har magariba, da damina kuma ya kama masa noma. Liman har misali yake yi da shi in ana wa'azin haƙuri. Tun bayan haɗarin ya daina karanta wa mutane takarda, ya ce ido ya yi rauni. Da aka kafa injin kuma ya daina bi ta rumfar niƙa, gara ya zaga ta bayan maƙabarta. Aka ce dole, wa zai so jin ƙarar abin da ya kashe masa mata?

Shi kuwa Muntaka bai sayi zancen fatalwa ba. Shekara goma sha biyu ya yi yana tuƙo motoci daga Kwatano, rufe boda ne ya koro shi gida a shekarar da kwanon gero ya gagari mai gona. Ƙarfinsa bai kai sabon inji ba, shi ya sa ya ciro na mushen motar. Ran nan ya kwance shi, ya ga totur ne ke maƙalewa a buɗe da zarar ya ɗau zafi. Nan take ya tuna da maganar Nababa.

Da la'asar ya nufi gidan Nababa, 'yan son jin labari suka biyo shi, har da Liman. Malam Hadi na zaune a kan buzunsa.

"Yaya Nababa, motar nan ba ta zo da wasu takardu ba?" in ji Muntaka.

Nababa ya sa matarsa Hure ta ɗauko wata leda. A ciki akwai takarda mai jar alama mai kusurwa uku a samanta.

"Shaidar lafiyar motar ce," in ji Hure daga bakin zaure. "Ita muke ta riƙo, ko wata rana za a yarda da mu."

Muntaka ya karanta sau biyu, don Faransancinsa na tasha ne. Sannan ya ɗago.

"Jama'a, wannan ba shaidar lafiya ba ce. Masu ƙera motar ne suka rubuto wa Baturen da ya fara sayenta, cewa kada a ƙara hawanta sai an mayar musu sun canza totur. Yana maƙalewa, mota ta gudu da kanta."

Hure ta fashe da kukan da ta riƙe shekara uku. Dattawa suka shiga miƙa wa Nababa hannu ɗaya bayan ɗaya, kunya ta hana su kallon idonsa.

"To wa ya ce maka shaidar lafiya ce?" Liman ya tambaya.

Nababa ya sunkuyar da kai. A gefensa Malam Hadi ya daina jan carbinsa.

"Zatona ne kawai, Allah gafarta Malam," in ji Nababa. "Ban nuna wa kowa ba."

Aka yi addu'a aka watse, ana cewa ai Nababa ba inda za shi. Malam Hadi ya naɗe buzunsa ya bi ta bayan maƙabarta, ya tsaya daidai inda Kaltume take. Safiyar da aka kawo motar ce ta dawo masa, kamar kullum: Nababa durƙushe a zaurensa ya miƙo takardar, Kaltume ta kawo ruwa ta tsaya tana murmushin matar mai ilimi, shi kuma ya ɗora tabarau, ya ga ba Turanci ba ne, ko kalma ɗaya bai gane ba. Ya dubi jar alamar, ya dubi matarsa, sannan ya ninke takardar ya ce, "Shaidar lafiya ce, Nababa. Allah ya tsare hanya."