Ƙafar Dama

Kullum idan ina yi wa Baba wanka, sai na nutsa farcena a ƙafarsa ta dama. Ita ce ta shanye tun da ya faɗo daga kan gini ya ji rauni a lakar bayansa. Da ita kuma yake shurin mahaifiyata har ta bar duniya. Na ce wa kaina babu zunubi, naman da ba ya ji ba a zaluntarsa.

Wata bakwai ina haka, ko motsa fuska bai taɓa yi ba.

Ranar komawa asibiti, likita ta caka allura a ƙafarsa ta hagu mai motsi.

"Baba, ka ji?"

"A'a."

Ta caka a ta dama.

"Wannan kam har cikin raina."

Na ce, "Likita, ai kin juya su."

"Ba ni na juya ba, haka aka halicce mu. Saƙon zafi yana tsallakawa ɗaya gefen tun cikin laka kafin ya hau ƙwaƙwalwa. Rabin lakarsa ne ya yanke. Ƙafar da ta shanye tana jin zafi, har fiye da dā." Ta dubi tabon da ke ƙwaurinsa. "Wa ke masa wanka?"

"Sauro ne, 'yata," in ji Baba.

Ina tura kekensa a baranda na ce, "Baba, me ya hana ka magana?"

"Uwarka ma ba ta taɓa kuka ba. So nake in san yadda ta iya." Bai waiwayo ba. "Kada ka yanke farcen."