Kaduna Zuwa Abuja, Minti Arba'in

Tayoyin jirgin suka taɓa ƙasa a Abuja. Sharhabil ya zare abin sauraro daga kunnensa, ya ture kujerar robar baya. Minti arba'in cif. A ɗakinsa na Kurmin Mashi yake, gaban tsohuwar kwamfutar da ya kunna wa fanka don kada ta yi zafi.

Ya leƙa ɗakin mahaifinsa kamar kullum.

"Baba, na sauka lafiya."

Malam Ila ya lumshe ido. Al'adar gidan ce tun yana da lafiya: duk wanda ya dawo daga tafiya, ko nan unguwar Kawo ya je, sai ya zo ya faɗa. Shekara talatin tsohon ya yi yana aiki a filin jirgin sama, kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya tafi da damansa da harshensa. Hagun kaɗai ya bar masa, sai wayar da aka saya masa don jin karatu. Sharhabil ya juya shi, ya ba shi ruwa, ya ɗan matsa masa ƙafa.

A shekarar da ciwon ya zo Sharhabil ya samu gurbin koyon tuƙin jirgi, ya bar shi. Ƙanwarsa Ramatu tana gidan miji a Rigasa, wa zai zauna da tsoho? Da hanau gara mannau, sai ya shiga Shamuwa, wani kamfanin jiragen kwaikwayo da matasa suka kafa a intanet. Jirgin na ƙarya ne, amma dokar ta gaske ce. Ƙaramin jirgi na gajeriyar hanya ne, babba na doguwa, kuma matuƙi ba ya barin kujera sai ya sauka. Wanda bai kai babban jirgi Jidda ba, ba a kiransa Kyaftin.

Wannan suna kaɗai ya rage wa Sharhabil na burinsa, kuma a hannun Mai Jadawali yake, wanda ke raba wa kowa jirgi da hanya. Watanni kaɗan bayan shigar Sharhabil mutumin ya karɓi aikin da kowa ke gudu. Ba wanda ya taɓa jin muryarsa. Rubutunsa gajere ne, cike da kuskuren harufa, amsa ɗaya sai ta ci rabin awa. Amma ya san aikin kamar yunwar cikinsa.

Abin da yake ba Sharhabil bai taɓa canjawa ba: ɗan jirgin nan mai farfela, Kaduna zuwa Abuja. In ya yi masa alheri, Kano. Adamu da ya shigo bayansa har ya je Jidda sau uku, yana tsokanarsa da direban a-kori-kura.

Sharhabil ya roƙa. Ya lissafa awoyinsa, ya tura hotunan saukarsa mai laushi. Amsa ta zo: "Jidda awa biyar ce. Ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi."

Ya kai ƙara wurin shugabannin Shamuwa, suka ce tun da mutumin ya zo ba a taɓa samun jirgin da mai ya ƙare masa a hanya ba, ba za su sa baki ba. Ya gwada dabara, ya ce zai kai ƙaramin jirgin Jidda yana yada zango. Aka ce a'a, kuma ai ranar Talata ƙarfe biyu ake ɗauke wuta a unguwarsu. Wannan ta ba shi haushi sosai. Mutum ya bincike ka har wutar gidanku, don dai ya hana ka!

Wata rana bayan la'asar, yana shafa wa Baba man zafi, abin ya ci shi ya amayar.

"Baba, mutumin nan ya tsane ni. Na rasa na gaske, na ƙaryar ma an hana ni. Me na yi masa?"

Hawaye ya gangaro ta gefen idon tsohon. Sharhabil ya ji kunyar kansa, ya goge masa, ya ce wasa ne kawai, ba komai. Ya koma ya tashi jirginsa zuwa Abuja, ya dawo bayan minti arba'in ya ce ya sauka lafiya.

Ranar Alhamis da hantsi Malam Ila ya cika, hannunsa cikin na ɗansa.

Sai ranar uku, da masu gaisuwa suka ragu, Sharhabil ya kunna kwamfutar, don kawai ya rasa inda zai sa kansa. Saƙo na jiransa tun safiyar Alhamis. Babban jirgi, mai injin huɗu, Kaduna zuwa Jidda. A ƙasa an rubuta: "Yanzu kana da awa biyar. Ka yafe tsarewar da aka yi maka. Mai kewa ba ya iya dogon jira."

Bai gane ba, kuma bai ji daɗin da ya zata zai ji ba. Duk da haka ya rubuta, "Na gode, Allah ya saka," ya tura.

Daga ɗakin Baba, inda take naɗe shimfiɗa, Ramatu ta ɗaga murya.

"Yaya, wayar Baba da ke caji ce ta yi ƙara. Kai ne ka turo masa godiya yanzun nan?"