Alƙalami a Kunnen Hagu

Ranar Litinin da safe wani hoton barkwanci ya bayyana a tagar wani mai ɗab'i a birnin Filadelfiya na Amurka, kafin tsakar rana kuwa duk layin 'yan kasuwa ya gan shi. Wani akawu ne ya juya baya, ƙafafu kamar tsinken tsintsiya, yana nishi da ƙarfen motsa jiki da bai fi ƙwai girma ba. Alƙalami na maƙale a kunnensa na hagu. Ta tagar ɗakin da ke cikin hoton ana hango allon kamfanin auduga na Hollis, haruffan duk a juye, abin da ya ƙara wa jama'a dariya.

A cikin akawunan Hollis, biyu kaɗai ke zuwa gidan motsa jiki: Lemuel Garrick da Ezra Pruett. Kujerar babban akawu ɗaya ce, su biyun ke jiranta. Ezra kuma bahago ne.

Lemuel ya sayi hoton, ya kafa shi a saman teburin Ezra.

"Bahago, ka yi suna! Ɗaga mana kwalbar tawada mu gani mana, ko sai an kama maka?"

Ofis ya ɗauki dariya. Ezra ya danne tarinsa da hankici, ya ci gaba da rubutu. Likita ne ya tura shi motsa jiki saboda ƙirjinsa, Lemuel kuma ya san haka.

Da yamma Lemuel ya cire hoton ya shiga wurin Mista Hollis, mai kamfanin.

"Yallaɓai, ba don kaina nake magana ba. Amma wanda ya sa gari ke yi wa sunanka dariya bai kamata ya wayi gari a aikin nan ba."

"Ko wane ne?"

"Ko da ɗan'uwana ne, Yallaɓai."

"To, na riƙe ka a maganarka."

Tsohon ya sa tabarau, ya daɗe yana duban takardar. Lemuel na tsaye, har ya fara tunanin yadda zai jawo teburin babban akawu kusa da murhu.

"Mai zanen nan sabon hannu ne," in ji Hollis. "Bai san dutsen ɗab'i yana juya duk abin da aka zana a kansa ba."

Ya tashi ya ɗaga hoton gaban madubin da ke jikin bango. Sunan kamfanin ya miƙe daidai, alƙalamin kuma ya koma kunnen dama, inda Lemuel ke maƙala nasa.