Babur ɗin Malam Barau

Tun da aka hana duk wanda ya haura saba'in fita unguwa, motocin lantarki suka daina buɗe wa Malam Barau ƙofa. Sai ya duƙufa a garejin gidansa yana harhaɗa tsohon babur mai shan fetur, wanda ba ya tambayar shekarun kowa. So yake ya je Funtuwa duba ƙanwarsa da ke kwance.

Ɗansa Sagir ne ya samo masa fulogi da taya. Ranar da aikin ya kammala, ya kawo fetur a kwalba.

"Baba, tayar da shi mu ji."

"Fitilun titi suna da kunne, Sagiru, da sun ji ƙara za su kai wa hukuma."

"Sau ɗaya dai. Na toshe ko'ina."

Babur ya tashi. Tsohon yana dariya har da hawaye, bai ga Sagir ya wangale ƙofar garejin ba.

Kafin la'asar jami'ai suka tafi da Malam Barau gidan ajiye tsofaffi. Yana waige, yana kiran ɗansa. Sagir kuwa ya rusuna wa babbansu:

"Ranka ya daɗe, yau gidan zai koma sunana ko sai gobe?"