Manhajar da Baba Ya Ƙi Taɓawa

Karo na uku ke nan Shafa'atu tana faɗaɗa koren maɓallin. Manhajar da ta haɗa wa manoman Tafoki tana aiki sumul a waya da kwamfuta, amma mahaifinta, shugaban ƙungiyarsu, da ya kalli fuskar wayar sai ya kife ta. In bai amince ba kuwa, ba manomin da zai sauke ta.

Ta ƙara girman rubutu, ta sauya launi. Shiru.

"Baba, wai idon ne ko yatsan?"

"Lafiyarsu lau." Ya nuna inda aka rubuta: Sannu da zuwa, Ubale. "Shekara talatin innarki ba ta taɓa kama sunan nan ba. Sai wannan manhaja 'yar shekaranjiya, gatsal?"