Kulocin Tanimu

Tun da aka daina ƙera kayan motocin fetur, duk motar da ta yi wata ba ta motsa ba hukuma ke ɗauke ta a narkar. Kayan gyara kuwa sai daga motar wanda ya rasu.

Kulocin tsohuwar motar hayis ta Malam Barau ya ƙone. Ba fasinja yake ɗauka ba. Kujerar gaba ce ta hana shi rabuwa da ita, domin har yanzu tana lotse daidai inda marigayiya matarsa Lantana ke zama. Ya tafi Ƙofar Ruwa wajen Ɗan'asabe mai kayan mota.

"Baba, irin taka biyu suka rage a garin nan," in ji Ɗan'asabe. "Taka da ta Malam Tanimu."

"Tanimu abokina ne. Shi ya yi mini waliyyi a aurena da Lantana."

"Na ji yana asibiti, jikin ya yi tsanani."

 Jiya Malam Barau ya je dubiya, ya riƙe hannun Tanimu, ya roƙa masa lafiya, kuma har zuciyarsa ya roƙa.

"In ta Allah ta kasance, ka ajiye mini kulocin motarsa," ya ce a hankali.

"An gama, Baba."

Har ya juya, Ɗan'asabe ya ƙara da cewa, "Shi ma Malam Tanimu bara da ka kwanta ciwo, ya zo ya ce in ajiye masa giyabos ɗin motarka. Kujerar gaba ce dai babu mai so."