Awarwaron Ƙarfen Ma

"Ma, ƙarfe ba ya shiga na'urar nan, sai kin cire," in ji Dakta Sutapa ga mahaifiyarta, tana jiran faɗan da suka saba.

Aikinta a Kolkata ɗaukar hoton can tsakiyar ƙwaƙwalwar masu ciwon mantuwa ne, amma ta mahaifiyarta ta gagare ta, ko da tsohuwar ta fara zuba gishiri a shayi. A al'adarsu, awarwaron ƙarfen aure ba ya barin hannun mace sai mijinta ya mutu. Kullum amsar Ma ɗaya ce: "Saboda hoto za ki kashe min miji? Karatun naki ke nan?"

Yau kuwa ta zare shi ba musu. Sutapa ta yi ajiyar zuciya, ta nuna mahaifinta da ke bakin ƙofa. "Kin gani? Ga Baba nan garau."

Ma ta dube shi da fara'a, ta miƙa masa awarwaron. "Dattijo, taimaka ka nemi mai wannan. Mijinta zai damu."

Sutapa ta kalli na'urar. Babu sauran abin da hoton zai nuna mata da ba ta riga ta gani ba.